Kafin ka kai kwalin nan bola

Ɗana,

Saƙonka ya iso, na gode da gaisuwa. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yaran. Tambayarka ta ba ni dariya da farko, da na sake karantawa kuma sai dariyar ta tsaya. Ka ce kuna gyaran ɗaki kuka ci karo da kwali cike da tsofaffin wayoyi, da kwamfutocin cinya da suka daina tashi, da PlayStation 2 ɗinka ta yarinta, da tarin caja da ba ka ma san ta mece ce ba. Kana tambaya wai ko wata al'ada ce gare mu manya da ba ma zubar da kayan lantarki, tunda duk dattijon da ka shiga ɗakinsa sai ka tarar da mataccen rediyo a kan kabad. Ka kuma ce in babu wani dalili, ranar Asabar za ka kwashe su gaba ɗaya ka kai bola. Shirin nan na Asabar shi ya sa na zauna na rubuto maka da tsawo.

Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga doka a kan wannan. Mun taso ne mun ga kakanka, Allah Ya jiƙansa, yana yi. Ba ka riske shi da ƙarfinsa ba. Yana da durowa guda wadda ba mai taɓa ta sai shi, a ciki akwai gwangwani cike da ƙananan kusoshi, da guntayen wayoyi a nannaɗe, da lasifikar da ya ciro daga wani rediyo da ya mutu tun ba a haife ni ba. In mahaifiyarmu ta yi ƙorafi a kan tarkace, abin da yake cewa bai wuce "ajiya maganin wata rana" ba. Kuma ranar takan zo. Maɓallin ƙara murya ya karye a rediyon da ake ji, sai ya buɗe durowa ya ciro irinsa daga mataccen, kafin a fara labaran yamma an gyara.

A tsakiyar shekarun 1980 wani abokinsa ya sayi sabuwar kwamfuta, sai ya bar mana tsohuwar. ZX Spectrum ce, ta kamfanin Sinclair na Ingila, wadda ta fara fitowa a 1982. 'Yar baƙar aba ce, ba ta fi littafi girma ba, madannanta na roba, ƙwaƙwalwarta kilobait 48. Hoto ɗaya da za ka ɗauka da wayarka yau ba zai shiga cikinta ba, ko kusa. Ba ta da allo, a bayan talabijin ake jona ta ta wurin eriya. Ba ta ma da maɓallin kashewa, sai dai ka zare waya, kuma da ka zare duk abin da ka rubuta ya tafi. In kana son ajiye aiki sai ka jona ta da rikoda ka naɗe shi a kaset, irin kaset ɗin da ake jin waƙa da shi.

Mahaifiyarka ce ta samo wata mujalla da aka buga wani wasa a ciki, layi-layi, sai mutum ya kwafe da hannu. Ita ke karantawa ni ina dannawa. Ka san halinta, ba ta yarda a tsallake ko waƙafi. In na yi sauri sai ta dafe shafin ta ce in maimaita mata abin da na rubuta. Akwai wani wuri da lambobi ne zalla a jere, babu ma'anar da za ka kama, kuskuren lamba ɗaya ya isa ya lalata komai. Tun rana na tsaka muke kai har duhu ya shiga, idona na ruwa saboda kallon talabijin kusa-kusa. Da muka gama muka naɗe a kaset da wata ƙaramar rikoda da muka aro a maƙwabta, don ta Baba ba mu da izinin taɓawa. Muka zare waya muka kwanta da murna.

Washegari masu rikoda suka aiko aka karɓe abinsu. Muka lallaɓa Baba ya ba mu tasa. Na danna harafin J, wanda shi ke fito da umarnin lodawa, Yaya, wato mahaifiyarka, ta danna kaset. Gefen allon ya fara zane-zane ja da shuɗi mai haske, alamar ta ji sautin farko. Ana jiran ya koma shuɗi da rawaya, alamar bayanai na shiga. Ya ɗan fara, sai ya tsaya, rubutu ya fito a ƙasa cewa lodin ya lalace. Muka mayar da kaset baya muka sake. Muka ƙara murya, muka rage murya, abu ɗaya. Yaya ta yi shiru, ni kuma hawaye sun taru mini, don aikin yini guda ne a cikin kaset ɗin nan kuma ba mu da wani kwafi.

Baba yana zaune gefe bai ce komai ba. Bai san kwamfuta ba, bai kuma taɓa nuna ya sani ba. Can sai ya ce in zare wayar da ta haɗa rikodar da kwamfutar, yana so ya ji da kunnensa. Na zare, ƙarar nan mai kama da kukan gyare ta cika ɗakin. Ya karkata kai ya saurara, ya ce, "Muryar ta dushe. Ba a wannan rikodar aka naɗa ba ko?" Muka ce a'a. Ya tashi ya ɗauko auduga da sifirit ya goge kan da ke karanta kaset, da 'yar tayar robar da ke jan zaren, audugar ta fito ja-ja da datti. Sannan ya ɗauko siririyar sukudireba ya zura ta wata 'yar huda da ke murfin rikodar, wadda ni ban taɓa lura da ita ba. Ashe akwai ɗan sukuru a nan da ke daidaita zaman kan. Kaset na tafiya yana murɗawa kaɗan-kaɗan, kunnensa a jikin lasifika. Muna ji ƙarar ta tashi daga dusashe ta yi tsini har tana sukar kunne. Ya wuce wurin kaɗan ta sake dushewa, ya dawo baya, ya tsaya. Ya ce, "Ku gwada."

Zanen ya koma shuɗi da rawaya ya ci gaba da rawa bai tsaya ba. Ba wanda ya yi motsi a cikinmu har ya kai ƙarshe. Wasan ya tashi, wani ɗan abu ne da kake turawa hagu da dama yana tare abubuwan da ke faɗowa daga sama. Yaya ta yi tsalle. Baba ya kalla na ɗan lokaci, wasan bai dame shi ba. Da muka gama ya sa muka sake naɗar aikin a sabon kaset bayan ya mayar da sukurun daidai inda yake tun farko, don ya riƙe a ransa iya murɗin da ya yi, kada nasa kaset-kaset su dushe. Yana rufe durowa ya ce mana, "Abin da ba ka san cikinsa ba, riƙo aka ba ka." Ban gane ba a lokacin, na ɗauka maganar manya ce kawai.

To ka ga mataccen rediyon da kake gani a kan kabad ɗin tsofaffi daga nan ya samo asali. Kayan zamaninsu da sukuru ake ɗaure su, kana kwancewa ka ga komai a fili, wasu ma har da zanen hanyoyin wuta a manne cikin murfi. Mataccen abu yana da sauran amfani, ko lasifikarsa, ko taransifomarsa, ko maɓallansa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji su. Yanzu wayar da ke hannunka da gam aka liƙe ta, batirinta a binne, sai an gasa bayanta da zafi kafin ta buɗu. Ku kuma kun saba, da allo ya tsage ko batir ya fara saurin ƙarewa sai a jefa a kwali a sayo wata. Ba na ɗora muku laifin duka, haka aka ƙera muku su. Abin da ke damuna shi ne ko sha'awar leƙa ciki ba na gani a wurinku. Yaranka sun iya latsa kowace irin waya tun ba su iya magana sosai ba, amma na tabbata ba wanda ya taɓa riƙe sukudireba a cikinsu.

Ga kuma wasannin da kuke saye ta intanet, babu faifai babu kaset. Kayan aro ba ya rufe katara. A watan Maris na 2023 kamfanin Nintendo ya rufe sayar da wasanni a shagonsa na intanet na na'urorin wasansa 3DS da Wii U, wasan da ba a taɓa fitar da shi a faifai ko kaset ba, wanda bai saya ba kafin ranar ya rasa hanyar saye. Faifan PlayStation 2 ɗinka kuwa yana hannunka, ba ya neman izinin kowa kafin ya tashi. Na'urar ta fito a 2000, an sayar da fiye da miliyan 150, saboda haka kayan gyaranta ba su yi wuya ba har yanzu. Yawanci idon da ke karanta faifai ne ke gajiya, wani lokaci ma ƙura ce kawai.

Sai dai kada ka ɗauka na ce ka mayar da kwalin ƙarƙashin gado ka manta. Abin da kakanka yake yi daban ne da abin da ka yi. Shi ya san duk abin da ke durowarsa, yakan fito da su ya goge, ya kunna mai kunnuwa. Kwalin da aka rufe shekara da shekaru ba a buɗe ba, kayan ciki suna cin kansu ne a hankali. Batirin da aka bari cikin rimot ko hannun wasa yakan zubo farin gari ya cinye ƙarfen da yake taɓawa. Tsofaffin kwamfutoci da yawa suna da ɗan batir a jikin fanel mai riƙe agogo, in ya tsiyaye sai ya bi layukan tagulla ya cinye su, abin da da an cire shi tun da wuri da na'urar ta rayu. Kafasita, 'yar abar nan mai riƙe wuta a jikin fanel, takan kumbura ta zubo. Bel ɗin roba na rikoda yakan narke ya zama baƙin danƙo mai wuyar gogewa. Laima ma ba ta barin komai. Na ga mutane da yawa suna alfahari da tarin na'urori, ranar da aka ce a kunna ba ko ɗaya da ta tashi.

Har wanda ya adana faifai da kaset lafiya yana iya wayar gari babu abin karanta su. Sony ta daina yin ƙaramin faifan fulofi mai ɗaukar megabait 1.44 a 2011. Funai, kamfanin da ya rage yana ƙera bidiyon kaset, ya daina a 2016. Duk mai kaset ɗin bikin iyayensa a VHS ya kamata ya san cewa bidiyon da ke gidansa ba za a ƙera wani ya maye gurbinsa ba. Ni saboda haka nake riƙe da nawa, ina kunna shi lokaci-lokaci don kada cikinsa ya sandare.

Batun bola kuwa, nan ne hankalina ya fi tashi. Ka ambata a saƙonka cewa ɗaya daga cikin wayoyin bayanta ya ɗago. Batirin ne ya kumbura, kuma irin wannan batir in aka huda shi ko aka matse shi yana kamawa da wuta. Kada ka caja ta, kada ka danna ta, kada ka bari yara su ɗauka. Ka ware ta a wurin da babu abin da zai kama, ka kai wa masu karɓar irin waɗannan kaya. Wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tarkacen lantarki tan miliyan 62, kuma wanda aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Akwai dalma a gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya da kuma a liƙin tsofaffin fanel, in aka ƙona ko ruwa ya wanke, ƙasa da mutane ne ke sha. Tunda na ambaci talabijin mai ƙeya, in kana da ita kada ka buɗe bayanta da kanka, tana riƙe wuta mai ƙarfi ko an zare ta daga soket.

Sannan ka tuna wayoyin nan da kwamfutocin ba wofi suke ba. Akwai hotuna a ciki, da saƙonni, wataƙila da muryar wanda yanzu ba ya duniya. Kwamfutar cinya da ta ƙi tashi, sau da yawa ma'ajiyar bayananta lafiya lau take, ana ciro ta a jona da wata a kwashe komai. In ka jefar haka nan ka yi asara biyu, kai ka rasa, wani kuma da ba ka sani ba ya tsinta ya karanta. A kwashe tukuna, a goge, sannan a rabu da su.

Wanne za ka riƙe wanne za ka bayar, wannan ba zan yanke maka ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Cajojin dai ka gwada su, waɗanda ba su da abin da suke yi wa aiki ka haɗa su da wayar nan mai kumburi a tafi da su. PlayStation ɗin kuma kada ka taɓa ta sai na zo. Ka nemo mini wayoyinta da hannayenta da ɗan katin memorinta mai megabait 8, ina jin har yanzu wasannin da ka ajiye suna ciki. Zan taho da sukudirebobina, kuma ina son babban yaronka ya kasance a gida ranar, shi zai kwance murfin. Ka tambayi mahaifiyarka ko ta san inda mujallar nan ta shiga, don rabona da ganin mujallar tun kafin auren Yaya.

Kawunka.