Inna ta hana ni zanga-zanga, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce, ina karatun shari'a a Jami'ar Njamena. Tun kashe-kashen da aka yi a zanga-zangar ranar 20 ga Oktoba 2022 a nan Chadi, Inna ta ce in na kuskura na shiga zanga-zanga ba ta yafe mini ba. Ni kuma raina bai ba ni in naɗe hannu ina kallo ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki ga laifin Inna. Gwamnati da bakinta ta ce mutum wajen 50 suka rasu ran nan, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce sun fi haka, aka kuma kwashi ɗaruruwan matasa zuwa kurkukun Koro Toro can cikin hamada. Uwar da ta ga wannan, ina za ta iya barci kina waje? Ki bi maganarta, ki sayi littafin rubutu.

Kin san Souleymane Guengueng? Akawu ne, aka kama shi a 1988 zamanin mulkin tsohon shugaban Chadi Hissène Habré. Yana tsare ya yi wa Allah alkawari, in ya fita da rai sai ya nema wa waɗanda suka mutu a gabansa haƙƙinsu. Da mulkin ya faɗi a Disamba 1990, ya riƙa bin waɗanda suka tsira da iyalan mamata ɗaya bayan ɗaya: sunanka, ranar da aka kama ka, ɗakin da aka kulle ka, wa ya mutu kusa da kai. Ya tara bayanin mutum 792, ya ɓoye. A 2001 aka tsinci takardun 'yan sandan ciki na Habré, wato DDS, zube a tsohon ofishinsu, ɗauke da sunan mutum 1,208 da suka mutu. Da irin waɗannan shaidu, da jajircewar lauya Jacqueline Moudeïna, kotu a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai a 2016. Shekara 25 ana haƙuri, 'yata.

Abin da nake fara koya wa ɗalibaina ke nan. Ki ja layi a tsakiyar shafi: gefe guda abin da idonki ya gani, ɗaya gefen abin da aka faɗa miki, da wanda ya faɗa. Raina na ɓaci in na ga yaro mai ilimi yana tura hoton gawa a WhatsApp bai san garin ba, bai san shekarar ba. Ƙarya ɗaya cikin bayaninki ta isa a yi watsi da gaskiya ɗari. Kuma kada ki dogara da waya kaɗai, ba mu manta yadda aka toshe Facebook da WhatsApp daga Maris 2018 har Yuli 2019 ba. Sunan mai ba ki labari amana ne, sai da izininsa, kuma ki ajiye shi wani wuri daban.

Ran da ba ki da darasi ki je kotu ki zauna a bencin baya, ki rubuta ƙarfe nawa alƙali ya shigo, wanda ake tuhuma yana da lauya ko babu, an yi masa tafinta ko an bar shi yana zare ido. Ki leƙa ɗakin karatu na CEFOD, cibiyar nazari da horarwa da ke nan Njamena, ki nemi tsarin mulkin da aka yi wa ƙuri'ar raba gardama a Disamba 2023. Sashen haƙƙoƙi za ki fara karantawa, ki mayar wa Inna shi da Hausa bayan sallar isha'i. Tambayoyin da za ta yi miki, ki rubuto mini su.