Amsoshin Likita: Ɓari, Haihuwar 'Ya'ya Mata da Lalurar Down

Tambayoyi uku na zaɓo a wannan karon, domin duk tushensu ɗaya ne.

Tambaya: Likita, na yi ɓari sau biyu, duka kafin cikin ya cika wata uku. An ce mini wataƙila matsalar kuromosom ce. Mene ne shi, kuma ko ni na jawo?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya kawo mai albarka. Jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina shi, kuma a cibiyar kusan kowace ƙwaya akwai zaren DNA mai ɗauke da bayanan gado. Da za a warware zaren ƙwaya ɗaya tak, sai ya kai kusan mita 2. Abin da ya sa ya shige wurin da ido ba ya gani shi ne an naɗe shi tamau a jikin wasu sinadarai, kamar zare a kwarkwaro. Kowane ƙunshi shi ne kuromosom. Guda 46 muke da su, biyu-biyu har gida 23, rabi daga uwa, rabi daga uba. Har 1956 kuromosom 48 masana suke ƙirgawa, sai da wasu masana biyu, Tjio da Levan, suka gyara lissafin a Suwidin.

Idan ƙwaya za ta rabu biyu, kowane kuromosom sai ya kwafi kansa, kwafin biyu su zauna manne da juna a wani siririn ƙugu. Sai su yi sahu a tsakiya, wasu zaruruwa su kama ƙugun su ja, ɗaya nan ɗaya can, kowace sabuwar ƙwaya ta tashi da 46 ɗinta cif. Da haka yaro yake girma, da haka rauni yake warkewa. Ƙwan mace da maniyyi kuwa rabonsu daban ne, 23 kowanne yake ɗauka don su cike 46 in sun haɗu. A wannan rabon aka fi samun kuskure. Wani lokaci biyu sukan ƙi sakin juna, ƙwai ya tafi da 24 ko 22, kuma irin wannan cikin yawanci ba ya zama. Kusan rabin ɓarin farkon ciki daga nan yake.

Saboda haka ki cire wa kanki zargi. Aikin da kika yi ko tafiyar da kika yi ba su da hannu a rabon kuromosom. Tunda dai ya maimaita, ku je ke da maigidanki a duba siffar mahaifa, da sukari, da sauran gwajin jini. Yawancin matan da suka shiga wannan hali suna haihuwa lafiya daga baya.

Tambaya: 'Ya'yanmu huɗu duk mata ne, ana ta ce mini daga matata ne. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, ba haka ba ne. Gida na 23 na kuromosom shi ke raba jinsi, kuma iri biyu ne a cikinsa, X da Y: mace XX, namiji XY. Ƙwan mace X kawai yake iya bayarwa. Maniyyi ne wani ke ɗauke da X, wani Y, kuma wanda ya riga shiga ƙwan shi ya yanke magana. Kai ma ba zaɓinka ba ne. Ina roƙonka ka tsaya mata a gaban masu faɗin haka, don maganar tana cin rai fiye da yadda ake zato.

Tambaya: Shekarata 41, na haifi ɗa aka ce yana da lalurar Down. Akwai magani?

Amsa: Barka da sauka lafiya, Hajiya, Allah ya raya. Ɗanki yana da kuromosom mai lamba 21 guda uku maimakon biyu, jimla 47. A 1959 aka gano haka a Faransa. Mace da ƙwayayen haihuwarta ake haifarta, rabonsu yana tsaye a tsakiya shekara da shekaru, shi ya sa kuskuren ke ƙaruwa bayan shekara 35, kodayake matasa ma suna haifar irin waɗannan yara.

Babu maganin da ke cire kuromosom ɗin da ya ƙaru, kuma duk wanda ya ce yana da shi, kada ki ba shi kuɗinki. Abin yi kuwa yana da yawa. Kusan rabin yaran ana haifarsu da matsalar zuciya, don haka a yi masa hoton zuciya tun yanzu, ko da kin ga lafiyarsa ƙalau. A gwada jinsa da ganinsa, a riƙa auna aikin tairod, wata 'yar halitta da ke gaban wuya, lokaci-lokaci. Zai yi jinkirin zama da tafiya da magana, amma zai koya, musamman in an fara masa gashin jiki da koyon magana da wuri. Ki fara da hoton zuciyar, a cikin makonnin nan.