An ba ni aji 5, ta ina zan gane inda yarana suke a lissafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata firamare a nan Daura, bana aka ba ni aji 5, yara sun haura 70. Hedimasta ya ce mu yi musu gwajin lissafi a satin farko mu kawo maki. Na rasa me zan tambaye su, na aji 4 ko na aji 5? In duk suka faɗi kuma ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya taimaka. Gaskiya in kika ɗauko tambayoyin aji 5 kika zuba a allo a satin farko, sakamakon da za ki samu kin riga kin san shi, yawancinsu za su faɗi, kuma makin ba zai gaya miki komai ba. Yaron da ya ci 2 cikin 10 don bai iya aro ba, da wanda ya ci 2 don ko lamba 47 ba ya iya karantawa, makinsu ɗaya amma ciwonsu daban. Abin da kike nema a watan Satumba shi ne a wane mataki kowane yaro ya tsaya. Kuma ki tuna daga dogon hutu suka fito, wasu tun Yuli suna gona ko talla, ba su taɓa fensir ba, to ki bari su yi kwana biyu uku su dawo hayyacinsu tukun.

Ni tsarin da nake ba malamai shawara a kai tsani ne, daga ƙasa zuwa sama, kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta shahara da shi a bincikenta na ASER, wato binciken da ke auna karatu da lissafin yara, da ta fara a 2005, kuma a kansa aka gina tsarin TaRL, wato koyar da yaro daidai matakinsa, wanda aka shigo da shi wasu jihohin Arewa irin su Borno da Kano. Yaro ɗaya ɗaya ake kira. A nuna masa lambobi daga 1 zuwa 9, in ya wuce sai 10 zuwa 99, sai ɗebewa mai aro, sai rabawa, lamba mai gida uku a raba da mai gida ɗaya. Inda ya cije nan ne matakinsa, sai ki rubuta a gaban sunansa. Tunda naki ƴan aji 5 ne ki fara daga ɗebewa, wanda ya iya ki hau da shi sama, wanda ya kasa ki sauko da shi, hakan zai rage miki lokaci sosai. Yara goma sha biyar a rana, sauran ki ba su aiki a allo, cikin sati kin gama.

To amma inda nake so ki fi sa ido shi ne kuskuren kansa. Ki ba yaro 52 a cire 17. Amsa 35 ce. Za ki ga da yawa sun rubuta 45, kuma wallahi ba shirme suka yi ba, akwai dokar da suke bi a kansu: sun ga 2 ba za ta ba da 7 ba sai suka juya, 7 a cire 2 saura 5, 5 a cire 1 saura 4. Wannan yaron ya san ɗebewa, abin da bai gane ba shi ne 5 ɗin nan hamsin ce, ana iya warware goma ɗaya daga cikinta. Ki ƙara masa 403 a cire 128, in ya kawo miki 325 maimakon 275 kin tabbatar kenan. Sannan ki ce a rubuta miki ɗari uku da biyar da lamba, za ki ga masu rubuta 3005, matsalar gidan lamba ce, gidan ɗaya da gidan goma da gidan ɗari, kuma ita ce ke hana yaro ninkawa da rabawa daga baya komai haddar da ya yi. Shi ya sa kar ki tsaya kan jan biro kawai, ki ce masa "nuna min yadda ka yi", ki yi shiru ki saurara. Ki duba hannunsa ma, in har yanzu yana jan ƴan sanduna a bayan littafi don tara 38 da 25, ko ya samu 63 ɗin akwai aiki a gabanki.

Sai maganar harshe, wadda ke ɓata gwaji da yawa. Yaron da kika rubuta wa tambaya da Turanci ya yi zuru, ki sake yi masa da Hausa da baki: an aike ka da 500 ka sayo sabulu na 280, canjin nawa? Sau da yawa kafin ki rufe baki ya ce 220, musamman yaran da ke taya iyayensu ciniki, irin masu zuwa kasuwar Mai'adua ran Lahadi, lissafin kuɗi a ka ba wasa suke da shi ba. Irin wannan yaron ki sa masa alama daban, kansa na ja, rubutawa da karatu ne suka riƙe shi, kuma abin yana min ciwo in na ji an kira shi daƙiƙi a gaban aji alhali ya fi mai zaginsa saurin canji.

Waɗanda suka haye rabawa, ki gwada su da kashi. Wanne ya fi girma, 1/4 ko 1/8? Da yawa za su ce 1/8 don 8 ta fi 4. Ki ce rake ɗaya ne, a raba wa mutum huɗu ko mutum takwas, a wane rabon kake so a sa ka? Nan take za ki ga ya gyara. Rabi a tara da kwata ma ki tambaya, masu cewa 2/6 maimakon 3/4 suna nan.

Bayan kin gama ki kasa su uku ko huɗu bisa mataki, ki ware kamar minti ashirin zuwa talatin kullum kafin darasin da ke cikin sikim, wato jadawalin darussan zango. Ƴan ƙasa ki sa su kawo karan dawa ko tsinken tsintsiya a ɗaɗɗaure goma goma da roba, in za a cire 17 daga 52 yaro ya kwance dami ɗaya da hannunsa, a nan ne aro ke shiga kai. Ƴan sama su taya ki, amma kar ki mayar da su malamai kullum, su ma suna da jarabawar shiga sakandare a gabansu baɗi. Kuma don Allah kar ki sa wa rukunin suna irin masu ƙoƙari da marasa ƙoƙari, ki ba su sunan launi ko na gari.

Shi kuma hedimasta, ki kai masa takarda ɗaya mai nuna yara nawa ne a kowane mataki, ki ce masa a tsakiyar zango za ki sake gwajin da wasu lambobi daban a ga nawa suka matsa. In ya dage sai maki, ki ba kowane mataki lamba daga 1 zuwa 5 ki cike masa, amma takardar da kika rubuta kurakuran ki riƙe ta a wurinki, da ita za ki shirya darasin sati na biyu.