Tambaya da Amsa: Christian Li da Gogen Turawa

Tambaya: Na ga bidiyon wani ɗan yaro yana goga gogen Turawa, manyan makaɗa na biye da shi. An ce sunansa Christian Li. Wane ne shi, kuma ta yaya ya kai haka? (Wata malama, Kaduna)

Amsa: Malama, an haifi Christian Li a 2007 a birnin Melbon na Ostireliya, ya fara koyon goge yana ɗan shekara 5. A 2018 ya je gasar goge ta Menuhin a birnin Jeneba, ya zo na ɗaya a rukunin yara tare da Chloe Chua ta Singafo. Yana da shekara 10 a lokacin, ita 11. Marigayi Yehudi Menuhin, shahararren makaɗin gogen Turawa, shi ne ya kafa gasar a 1983, kuma rukunin yaran na 'yan ƙasa da shekara 16 ne, kin ga da yayyensa ya kara. Kamfanin faifai na Decca ya ɗauke shi a 2020, a 2021 ya fitar da kiɗan da Vivaldi, wani tsohon mai tsara kiɗa, ya tsara kan yanayi huɗu na shekara, tare da ƙungiyar makaɗan Melbon.

Abin da ya sa masana ke jinjina masa shi ne, wuyan wannan goge ba shi da alamar inda za a ɗora yatsa. Yatsa ya goce da milimita ɗaya ko biyu, sauti ya karkace. Kunne ne ke yi wa hannu jagora, shi kuwa kunne ba ya goguwa sai da maimaici a hankali, kullum, gaban malami mai gyara tun kafin kuskure ya zama ɗabi'a. Baiwa tana nan, ba mu musanta ba. Amma mu abin da muka fi sa wa ido shi ne shekarun balaga, lokacin da hannu ke tsawo, a sauya goge, yaro ya sake koyon tazarar yatsunsa. Yara masu baiwa da yawa a nan suke tsayawa.

Tambaya: 'Yata shekararta 6, ƙanena zai aiko mata da goge daga waje. Wanne za a saya, kuma zai jure yanayinmu? (Wani uba, Kano)

Amsa: Malam, kada a saya mata babba wai don ta girma da shi. Gogen yara hawa-hawa ne: 1/16, 1/10, 1/8, 1/4, 1/2, 3/4, sannan cikakke, wanda gangar jikinsa ta kai kusan santimita 35 da rabi. Mai shekara 6 yawanci 1/8 ko 1/4 ke yi mata, amma awo ya fi shekaru. Ta miƙe hannun hagu, ka auna daga gefen wuya zuwa tsakiyar tafi, ka tura wa mai kanti. In goge ya yi mata yawa za ta riƙa ɗaga kafaɗa tana lanƙwasa wuyan hannu, daga nan ciwo ya biyo baya. Minti 10 zuwa 15 a kullum ya ishe ta a farko, ya fi awa biyu ranar Asabar kaɗai.

Batun yanayi kuwa, hunturu ne abin tsoro. Katakon yana son laima ta kashi 40 zuwa 60 cikin 100, iskar hunturu kuma takan sauka ƙasa da haka sosai. Katako ya tsuke, maɗauran tsirkiya su saki, fuskar gogen ta tsage. A cikin gogen akwai ɗan sanda a tsaye wanda ba a manne shi ba, matsin tsirkiyoyi huɗun ne ke riƙe da shi. Kada a kwance su duka lokaci guda. In ka ji abu na gangarawa a ciki, sandan ne ya faɗi, a daina kaɗawa sai an kai wa mai gyara. A ajiye soso mai ɗan danshi cikin roba mai huji a akwatin, ba tare da ya taɓa katako ba. Kada a bar gogen a mota da rana, zafi na sakin mannin.

Tambaya: Me ke sa gogen mai koyo ƙara mai tsaga kunne? (Wani ɗalibi, Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, fara duba bakan, wato sandan da ake goga tsirkiya da shi. Gashinsa izgar doki ce kamar ta gogenmu, kuma sai an shafa mata ƙaro take kama tsirkiya. Ƙaro ya yi kaɗan, baka ya zame. Ya yi yawa, farar ƙura ta taru sauti ya yi kaushi. Taɓa izgar da yatsa na sa mata maiƙo. A ɗaure ta har tazararta da sandan ta kai kaurin fensir, a sassauta bayan an gama. In duk wannan daidai ne, to danna bakan ake yi da ƙarfi alhali ana jan sa a hankali, ko kuma yana tafiya a karkace. Tsaya gaban madubi, ka ja shi a miƙe kan tsirkiya ɗaya, daga gindi zuwa kai, minti 5 kafin ka ɗora yatsa.