Amsa ga ƙanenmu da sifektiroskofi ya hana barci

Ƙanena da ka rubuto cewa jarabawa ta matso kuma har yanzu UV da IR da NMR, hanyoyin sifektiroskofi, wato gane sinadari ta hasken da yake sha ko yake fitarwa, duk sun cakuɗe maka, har kana tambayar wai mi ne ma amfanin abin, wallahi sai da raina ya sosu, don wanga kwas ɗin shi ya ja mini kariyoba.

Kuma ba rashin karatu ba ne. Malamin da ya ɗauke mu shigowa kawai yake ya cika allo da lambobi ya fita, na'urar ɗakin gwaji kuwa tana lulluɓe da leda ba mu taɓa ganin an kunna ta ba. Ran nan na ɗaga hannu na ce Malam don Allah mi ya sa sinadari ke shan wani haske ya bar wani? Sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce in kaina bai ɗauka in koma kasuwa in saida albasa, aji duka aka kwashe da dariya, ga zafin Afrilu na Sakkwato ga gumi, na zauna kunnuwana na ƙara na rasa inda zan sa fuskata. Babana albasa yake saidawa, da kuɗinta aka biya mini rajista. Har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji, tambaya ce fa ta gaskiya, kuma amsarta ba ta kai minti 5 ba amma ya zaɓi ya ci mutuncina. Ban sake buɗe baki a ajinsa ba.

To ga amsar da ya hana ni. Kowane atom da molekul yana da matakan kuzari ƙayyadaddu, ba ya karɓar haske sai wanda ya yi daidai da tazarar matakan nan, shi ya sa in aka rarraba haske kowane sinadari da layukan da yake nunawa a ciki, kamar yadda ake gane Bagobiri da zanen fuskarsa. Yau ɗin nan ka barbaɗa gishiri kan wutar gas ka ga ta koma ruwan ɗorawa, hasken sodiyam ɗin cikin gishirin ke nan, tsawon zangonsa nanomita 589.

Don Allah ka bar haddar teburan nan. Kowace hanya ka tambayi kanka, wane haske ne, kuma mi yake taɓawa? UV, hasken da ke gaba da shuɗi wanda ido bai gani, da hasken da ido ke gani ilektiron suke ɗagawa sama. IR, hasken da ke gaba da ja wanda shi ma ido bai gani, mahaɗan atom yake girgizawa, kuma in ka riƙe biyu kawai ka rage wahala, a hoton IR tsini mai ƙarfi wajen lamba 1700 C=O ne (mahaɗin kabon da oksijin), mai faɗin nan wajen 3300 O-H ne (mahaɗin oksijin da haidrojin). NMR kuwa cibiyar atom ce cikin maganaɗisu mai ƙarfi ana buga mata igiyar rediyo, tushensa ɗaya da MRI na asibiti. Lissafin Beer-Lambert kada ya ba ka tsoro, sinadari in ya ƙaru cikin ruwa hasken da yake sha ƙaruwa yake, sai dai ka kula da ma'auni don nan maki ke zubewa.

Batun amfani kuma, a 1868 aka hango layin sinadarin hiliyom cikin hasken rana, sai 1895 aka same shi a doron ƙasa. Amma ni ba wannan ya kama ni ba, Zamfara ce. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinari ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum, nan maƙwabtanmu, kuma da irin na'urorin nan ake auna dalma cikin ƙasa da ruwan rijiya. 'Yar na'urar da nas ke maƙala maka a yatsa ma haske biyu take aikawa ta ga nawa jini ya sha, da haka take gane yawan oksijin da ke cikinsa. NAFDAC na gane jabun magani da wata 'yar na'urar hannu, TruScan, ita ma da haske take aiki.

Ka nemi tsofaffin tambayoyi ku zauna ku uku da asuba kafin rana ta yi, ka ci abinci kuma, yunwa da NMR ba sa haɗuwa. Hoton IR ɗin da ya gagare ka turo shi nan mu karanta tare, in sha Allahu yau da dare zan duba.