Tokar Kwal a Cikin Bulo da Kankare

TAMBAYA: Injiniya, ina buga bulo a Pantami, cikin Gombe. Tsadar siminti ta ishe mu. Yarona ya ce a Indiya ana haɗa tokar kwal ta tashar wutar lantarki a bulo da kankare. In haka ne, zan iya ɗebo toka a gidan burodi in rage siminti?

AMSA: Malam, yaronka ya faɗi gaskiya. Tun 1999 gwamnatin Indiya ta wajabta wa masu yin bulo kusa da tashoshin kwal sa tokar. A Amurka ma, madatsar ruwan Hungry Horse da aka kammala a 1953, da ita aka kwaɓa kankarenta.

Amma toka suna ta tara. A tashar wuta sai an niƙe kwal lilis kafin a ƙona shi. Tokar da ta bi hayaƙi ana tare ta kafin ta fita sama; in ka murza ta a yatsa, laushinta kamar garin alabo. Ita ce ke maye gurbin kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na siminti. Idan siminti ya sha ruwa yakan saki farar ƙasa, tokar kuma ta haɗu da ita a hankali ta toshe ƙananan ƙofofin cikin kankaren. Shi ya sa a makon farko ba ya kai wanda aka saba ƙarfi, amma bayan wata biyu zuwa uku yakan kamo shi, har ya wuce, muddin ba a yi masa rowar ban ruwa ba. Toka mai tsakuwa-tsakuwa da ke zuba ƙasan tukunyar ƙona kwal ɗin kuwa, cikon titi ake yi da ita kafin a shimfiɗa kwalta.

Tokar gidan burodi ta itace ce, cike da ɓurɓushin gawayi da ke shanye ruwan kwaɓi. Don Allah kada ka sa ta. A ƙarƙashin bulon nan iyalin wani za su kwana, ga damina.

Mu a nan muna da kwal a Maiganga, ƙaramar hukumar Akko, wanda ake kaiwa kamfanin siminti na Ashaka, amma tokar kwal ɗin da aka ƙona a murhun gasa siminti cikin simintin take narkewa. Ko ka sami ta tashar wuta, ka rufe hanci, don ƙurarta na cutar da huhu, kada kuma ka jibge ta kusa da rijiya. Buga bulo kaɗan tukuna, ka kai sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi a matse su a na'ura bayan kwana 28.