Amsa ga ƙanenmu mai zuwa karatu Jamus: BMW ta Yuro dubu huɗu da abin da ke bayanta

Assalamu alaikum ƙanenmu. Saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin karatu a Jamus, za ka taso daga Kano, kuma ka ga ana tallar BMW 320d ta 2010 mai kayan M a kan Yuro 4,000, ga wata Mercedes C200 da Golf GTI duk a kusa da wannan kuɗi. Kana so ka san wacce ta fi gudu da kyau, ko ɗalibi zai iya riƙe ta, da kuma ko za ta aunu zuwa gida idan ka gama. Allah ya sanya wa karatun albarka.

Farashin da ka gani gaskiya ne. Abin da ya karya shi ne ya kamata ka sani. Motar da aka saya sabuwa a kan Yuro dubu arba'in, ko ta faɗo ta koma dubu huɗu, kayan gyaranta da kuɗin aikin bakanike ba sa faɗowa tare da ita. A garejin kamfani, aikin awa ɗaya kaɗai ya haura Yuro ɗari, ba a ma sa kuɗin kaya ba. Mai motar ya riga ya lissafa gyaran da ke tafe, shi ya sa yake neman kai da ita.

Kafin mota akwai lasin. Lasin Najeriya wata shida kawai zai yi maka aiki daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar. Daga nan sai ka canja shi, kuma sai ka ci jarrabawar rubutu da ta tuƙi ta hannun makarantar koyon mota. Wanda ya fara daga tushe kan kashe sama da Yuro 3,000. Tuƙi bayan wata shidan ba tare da an canja ba babban laifi ne, magana ce ta kotu, kuma tana iya taɓa takardar zamanka. Sai inshora, wadda ba a yi wa mota rajista sai da ita. Sabon direba daga matakin da ya fi tsada yake farawa, kuma kowace irin mota da ajinta gwargwadon yawan hatsarin da ake yi da ita. BMW da GTI na hannun samari ne, don haka ajinsu na sama. Harajin shekara kuma, ga motar da aka fara yi wa rajista daga Yulin 2009, da girman inji ake yanka shi: kowane cc ɗari na fetur Yuro 2, na gas, wato dizal, Yuro 9.50, sannan a ɗora na hayaƙi. Ita 320d ɗin nan mai cc 1,995 za ta ci maka Yuro 200 da 'yan kai duk shekara. Ka aza wannan a kan Yuro 992 da asusun ɗalibi da ake kullewa yake sakar maka a wata, wanda a ciki za ka biya haya da inshorar lafiya da abinci.

To mu dawo kan motocin, don mun san nan hankalinka yake.

"Kayan M" ba M3 ba ne. Bamba ce mai faɗi, da kujeru masu riƙe ƙugu, da sitiyari mai kauri, da manyan wili, da ƙafa da aka ɗan sauke ƙasa aka ƙara mata tauri. Injin yana nan yadda yake. Ita M3 ta wajen 2010 injin V8 ne da ita mai lita huɗu da ƙarfin doki 420, 320d kuwa 177 ne ko 184, ya danganta da watan da aka ƙera ta. Haka AMG Line take a wajen Mercedes, haka S line a wajen Audi: kwalliya ce da kujeru. Mercedes C63 AMG ta gaskiya V8 ce mai lita 6.2, kuma ba za ka gan ta a kusa da wannan farashi ba. A gudu, 320d takan kai kilomita ɗari a awa cikin daƙiƙa bakwai da rabi, Golf 5 GTI mai doki 200 ta ɗan riga ta, C200 Kompressor tana biye da fiye da daƙiƙa takwas. BMW da tayoyin baya take ja, nauyinta a rabe kusan daidai tsakanin gaba da baya, shi ya sa take bin kwana kamar an zana mata layi. Mercedes ta fi taushi da shiru a doguwar tafiya. Idan ka ga W204, wato samfurin Mercedes C na wancan lokacin, da babban tauraro a tsakiyar hanci, Avantgarde ce. Mai ƙaramin tauraro a tsaye kan bonet ita ce Elegance ko Classic. GTI kuwa tun ta farko a 1976 da jan layin hancinta da kujerun yadi masu gida-gida ake gane ta.

Amma mu a nan da sunan inji muke sayen tsohuwar motar Jamus, tambarin da ke hanci ba ya gaya maka komai. Injin 320d ta 2010 shi ne N47. Yana da ja, ba ya shan mai, sai dai sarƙar taimin ɗinsa a bayan inji take, wajen giyabos. Tana miƙewa, robobin da ke riƙe ta su cinye, kuma kafin a kai gare ta sai an sauke giyabos ko injin gaba ɗaya. Aiki ne da zai iya lashe rabin kuɗin motar ko fiye. Idan aka bari ta tsinke, fistan ya haɗu da bawul, inji ya buga. Ga yadda za ka gane: ka sa hannu a kan bonet ka tabbatar da sanyi, don mai wayo yakan ɗumama mota kafin mai saye ya iso. A tayar da ita kana tsaye ta wajen gilashin gaba, ka kasa kunne ta bayan injin. Idan ka ji wani shuu-shuu kamar ana jan sarƙa a kan kwano, musamman in an ɗan taka totur, ka yi sallama ka kama hanya. Sai fa idan an nuna maka rasit na gareji mai ɗauke da kwanan wata da kilomita cewa an canja sarƙar.

C200 ɗin injinta M271 ne, shi ma sarƙa ce matsalarsa, tare da haƙoran da ke kan kamshaf. Alamarsa ƙara ce kaca-kaca ta daƙiƙa biyu ko uku da safe, sai ta ɗauke. Mutane kan ce ai ta daina, alhali ta nan ake fara asara. A W204 ka durƙusa ka haska ƙarfen da ke ɗauke da ƙafar baya, domin gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin sa daga ciki, fentin sama na sheƙi ƙasa na ruɓewa. Golf 5 GTI bel take amfani da shi, ka tambayi yaushe aka canja shi tare da famfon ruwa, kuma akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe a ƙarƙashin famfon fetur da ke cinyewa. Shi kansa ba tsada, amma in ya huje sai ya ci kamshaf. Golf 6 GTI da Audi A4 na wajen 2008 zuwa 2011 injin EA888 ne: abin ɗaure sarƙa yakan saki, kuma na Audin ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda ringin fistan. Giyar DSG, wato otomatik ta Volkswagen, mai shida tana so a canja mata mai duk kilomita 60,000. Mai bakwai ta ƙananan injuna, wadda kulocinta busasshe ne, ta fi ba da wahala a cunkoso. Duk motar da ta kai wannan shekaru mai ƙafar iska, kamar Airmatic ta manyan Mercedes, ka bar wa masu albashi. Ranar da balan-balan ɗin ya huje za ka tarar da ita ta gurfana a ƙasa, famfon iskar ya ƙone don yawan aiki.

Akwai kuma abin da ya shafi gas, wanda mutanenmu ba su cika kulawa da shi ba. A salansar akwai matatar baƙin hayaƙi da ke tara toka, kuma ba ta ƙone ta sai mota ta yi doguwar tafiya zafi ya kai wajen digiri 600. Ɗalibin da tafiyarsa daga ɗaki zuwa makaranta ce kullum zai toshe ta, gas ɗin da bai ƙone ba ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi, sarƙar da muka ambata ta ƙara saurin lalacewa. Ga dokar birane. Stuttgart ta hana tsofaffin motocin gas masu matakin hayaƙi na Euro 4 shiga tun 2019, daga baya ta hana na Euro 5 a tsakiyar gari, Munich ma ta hana na Euro 4 a 2023. Ka duba matakin motar a takardarta kafin ka biya. In dai sai BMW, mun fi natsuwa da 325i ko 330i ta farkon E90, wato samfurin da 320d ɗin take ciki, mai injin N52, silinda shida a jere ba turbo. Famfon ruwanta na lantarki yakan mutu ba sanarwa, gaskit kan yi yoyo, tana kuma shan fetur, amma duk gyara ne da ake yi ba a sauke inji ba.

Ranar duba mota ka je da wanda ya san mota kuma yake jin Jamusanci. Takardun rajista biyu ne, kashi na ɗaya da na biyu, kuma wanda bai miƙa maka na biyun ba bai sayar maka da mota ba. Ka gwada lambar jikin mota da ta takarda. Ka nemi littafin sabis da rahotannin baya na TÜV, masu binciken lafiyar mota, domin duk shekara biyu ake kai mota wannan bincike kuma kowane rahoto yana ɗauke da kilomita. Ta nan ake kama waɗanda suka mayar da mita baya. Sitiyarin da ya yi sulɓi da robar birki da ta cinye ba sa tafiya da mita mai nuna dubu ɗari da ashirin. Ka buɗe murfin baƙin mai, idan ka ga wani abu fari-fari kamar man shanu to ko ruwa na shiga ko motar ba ta taɓa yin zafi sosai. Kunna makulli ka ga duk fitilun gargaɗi sun kama sannan sun mutu, a sa na'urar bincike a karanta kurakuran da ke ƙwaƙwalwarta. TÜV da takwararta DEKRA suna duba wa mai saye mota a kan kuɗi kaɗan, kuma mai sayarwar da ya ƙi a kai ta ya riga ya ba ka amsa. Dillali mai shago doka ta ɗora masa alhakin aibin da motar ta zo da shi na aƙalla shekara ɗaya. Mutum mai zaman kansa yana iya cire wannan a yarjejeniya, kuma tallar da aka rubuta "don fitarwa waje kawai" hanyar zille wa alhakin ce.

Abin da ake faɗa kan Autobahn, babbar hanyar Jamus, gaskiya ne, akwai wurare da yawa da ba iyakar gudu, amma 130 hukuma ke ba da shawara, kuma wanda ya wuce haka aka yi hatsari ana iya ɗora masa kason laifi ko da ba shi ya jawo ba. Ba a wuce mota ta dama, ba a zama a layin hagu, ba a manne wa na gaba. Idan akwai ƙanƙara dole ne tayoyin hunturu masu alamar dutse da ƙanƙara, wato saitin taya biyu za ka mallaka, kuma motar da ke ja da baya ita ta fi saurin sulluɓewa.

Auno ta gida yana yiwuwa ta Hamburg ko Bremerhaven ko Antwerp ta ƙasar Beljiyam, inda sunan "Beljiyam" da ake kiran motocin hannu ya samo asali. Sai dai Najeriya ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, kuma ta 2010 za ta ƙara tsufa kafin ka gama digiri, don haka ka tambayi wakilin kwastam dokar da ke aiki a lokacin kafin ka biya kuɗin jirgi. Ta gas mai matatar hayaƙi ba ta dace da cunkoson Kano ba. Injin turbo na fetur an tsara shi ne a kan mai mai lamba 95 ko 98, wanda namu bai cika kaiwa ba, ga zafi da ƙura da ke gajiyar da robobin lagireto. Ƙafar M da aka sauke da siririyar taya a wili mai inci 18 ba sa jure rami da tudun rage gudu, kuma E90 ba ta zuwa da safaya, tayar da ke tafiya ba iska ce da ita, wadda in ta huje ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita. Ko batir ka canja mata sai an sanar da ƙwaƙwalwarta da na'ura, in ba haka ba ta riƙa caja shi ba daidai ba. Wadda za a kai gida gara ta fetur mara turbo, mai ƙafar ƙarfe da wili inci 16 ko 17, a kuma rage tazarar canjin baƙin mai sosai daga ta Turai.

Shawararmu, shekarar farko ka bar maganar mota. Yawancin jami'o'i suna haɗa tikitin jirgin ƙasa da bas a cikin kuɗin zango, kuma doka ta ba ɗalibi damar aikin kwana 140 cikakku a shekara. Ka fara da canja lasin tun watannin farko, ka tara kuɗin mota da wani Yuro 2,000 a gefe na gyara. Idan son motocin ne ya kai maka zuci, gidan tarihin Mercedes da na Porsche suna Stuttgart, na BMW yana Munich, kuma waɗannan kamfanoni da masu yi musu kaya irin su Bosch da ZF suna ɗaukar ɗalibai aikin wucin gadi da na sanin makamar aiki. Ka turo mana sunan garin da za ka zauna da fannin da za ka karanta, da lambar injin duk motar da ta ƙara ɗaukar hankalinka, sai mu duba maka.